Babi na Shida: Rigar Tsutsa da Tarkon Fumfuna

Nematoda shi ne sunan da masana ilimin halittu suka ba wani babban dangi na tsutsotsi masu jiki kamar zare, marasa gaɓoɓi, marasa ƙashi, waɗanda kai da wutsiyarsu suka tsuke kamar bakin allura. Bahaushe ya san manyan cikinsu tun kafin zuwan asibiti, domin kurkunu da ke ɓullowa a ƙafa ɗan wannan dangi ne, haka ma doguwar farar tsutsar nan da yaro kan fitar bayan an ba shi magani, da wadda ke haddasa tundurmi da gwaiwa. Amma tana da tsila ba sa cikinsu, ko da yake ido kan haɗa su wuri guda. Mafi yawan 'yan dangin ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, wato na'urar da ke girmama ƙananan halittu, kuma a cikin ƙasa da ruwa suke rayuwarsu ba tare da sun cuci kowa ba. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Nature a shekarar 2019 ya nuna cewa a madadin kowane mutum ɗaya da ke duniya akwai nematoda kusan biliyan 57 a cikin ƙasa, kuma huɗu cikin kowace dabba biyar da ke doron ƙasa su ne. Wannan babi ya taƙaita ne ga ɓangare ɗaya tak na jikinsu, wato fatar da ta lulluɓe su, domin a kanta ake yanke hukuncin ko tsutsa za ta jure rani, da ko maƙiyinta zai iya riƙe ta.

Arewacin Togo wuri ne da ya dace a ɗora wannan bayani a kansa. Daga Kambole, garin da ke gabas da Camba kusa da iyakar Binin, zuwa Sokode, babban birnin yankin tsakiya, har Dapaong da ke can ƙurya kusa da iyakar Burkina Faso, damina ɗaya ce a shekara, bayanta sai hunturu da bazara masu busar da ƙasa har ta tsattsage. Hausawa sun daɗe a wannan yanki, tun zamanin da ayarin fatake ke ratsa shi zuwa Gwanja neman goro, kuma har yau zangunansu na nan a Sokode da Mango da Dapaong, inda fawa da dillancin dabbobi da kasuwanci ke cikin sana'o'in da aka san su da su. Nematoda na taɓa rayuwar mutanen yankin ta ƙofa uku: cikin ɗan Adam, cikin tumaki da awaki, da kuma amfanin gona. Ta ƙofar farko ce sunan Dapaong ya shiga littattafan likitanci na duniya.

A farkon shekarun 1980 likitan tiyata Sénamé Baeta, wanda ke aiki a asibitin Dapaong, ya riƙa ganin marasa lafiya, galibinsu yara, ɗauke da wani ƙullutu mai tauri da zafi a ciki, sau da yawa kusa da cibiya, wanda mutanen karkara ke kwatantawa da kunkurun da ya kwanta a cikin mutum. Idan aka tsaga ƙullutun sai a tarar da mugunya mai kauri, a tsakiyarta kuwa wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce kimanin santimita ɗaya ba. Wasu marasa lafiyar ba ƙullutu ɗaya ke gare su ba, ɗaruruwan ƙuraje ne masu girman ƙwayar wake suka cika bangon babban hanji, suna jawo zawo da rama, wani lokaci har toshewar hanjin. Tsutsar ita ce Oesophagostomum bifurcum, wadda kafin lokacin aka ɗauka ta birai ce, tana faɗa wa mutum ne jefi-jefi bisa tsautsayi, duk da cewa tun 1905 aka bayyana irin wannan cuta a jikin ɗan Adam a kudancin Habasha, kuma a 1964 wasu likitoci sun ba da rahotonta daga Bawku a arewacin Gana. Baeta da abokan aikinsa sun buga abin da suka gani a 1987, ciwon kuma ya samu sunan ƙullutun Dapaong. Sai Anton Polderman na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ya zo da ɗalibansa suka bi ƙauyukan ƙabilar Moba da maƙwabtansu, suka nuna a 1991 cewa cutar gama-gari ce a arewacin Togo da Gana, kuma tsutsar tana girma har ta yi ƙwai a hanjin mutum, wato daga mutum take zuwa mutum. Daga baya an ƙiyasta masu ɗauke da ita da kimanin 250,000.

Dalilin da ya sa cuta mai yawa haka ta ɓoyu tsawon shekaru shi ne ƙwan Oesophagostomum da na tsutsar nan mai tsotsar jini a hanji, wadda ke shiga mutum ta tafin ƙafa, ba su da bambanci a ƙarƙashin madubi, saboda haka ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ya gan shi sai ya rubuta sunan wadda ya saba gani. Mafita ita ce a bar ƙwan ya ƙyanƙyashe. Akan ɗebi bayan gida kaɗan a cakuɗa da dakakken gawayi, a ɗora a kan jiƙaƙƙiyar takarda a tsakiyar faranti mai murfi, a zuba ruwa kewaye, a ajiye mako guda ana juyawa don iska ta shiga. Idan mako ya cika, 'ya'yan tsutsar sun bar gawayin sun gangaro cikin ruwan, kuma a nan ne ido ke rabe su: ta Dapaong ta fi tsawo, tana dab da milimita ɗaya, ƙwayoyin hanjinta a jere suke masu kusurwa uku-uku, jikinta na da zane-zane a gicciye, kuma tana jan wata doguwar wutsiya siririya kamar gashi. Wannan wutsiya ba ta tsutsar kanta ba ce, ta rigar da take ciki ce.

Kowace nematoda takan yi saɓa sau huɗu kafin ta balaga, kamar yadda maciji ke tuɓe tsohuwar fatarsa. Amma a dangin su Oesophagostomum, idan aka zo saɓa ta biyu, 'yar tsutsar ba ta yar da tsohuwar fatar, sai ta zauna a cikinta kamar takobi a kube. Kuben ya rufe mata baki, don haka ba ta ci ba ta sha, da guzurin maiƙon jikinta take rayuwa har ranar da wani zai haɗiye ta, sa'annan yanayin hanji ya sa ta fasa kuben ta fito. Gwaje-gwajen da ayarin Leiden ya yi sun nuna cewa idan aka busar da waɗannan 'ya'ya sukan takure a cikin kuben su yi kamar matattu, amma bayan watanni idan aka ɗiga musu ruwa da yawansu sukan miƙe su ci gaba da motsi. Duk wanda ya san yadda ƙasar Dapaong ke zama a watan Maris zai gane nauyin wannan sakamako. Rani ba ya share gari daga tsutsar, jira kawai take yi a cikin rigarta.

Abin da aka sani game da yadda aka gina wannan riga, mafi yawansa daga wata tsutsa ce daban, wadda ba ta cutar da kowa. Caenorhabditis elegans tsawonta milimita ɗaya ne, a ruɓaɓɓen 'ya'yan itace da takin lambu take zama tana cin bakteriya, jikinta garai-garai yake har ana iya ƙirga ƙwayoyin halittarta, su 959, kuma cikin kwana uku ƙwai ke zama uwa. Sydney Brenner ne ya zaɓe ta a Kambirij ta Ingila a shekarun 1960 don ta zama abin gwaji, aka kammala karanta kundin gadonta a 1998, ita ce dabba ta farko da aka yi wa haka, kuma a 2002 Brenner da John Sulston da Robert Horvitz suka karɓi lambar Nobel saboda aikin da suka yi a kanta. Fatar wannan tsutsa hawa-hawa ce. Can ciki akwai saƙa mai ƙarfi ta kolajin, wato furotin irin wanda ke sa romon ganda ya daskare idan ya huce, kuma tsutsar na da ƙwayoyin gado fiye da 170 da aikinsu kawai shi ne ƙera ire-iren kolajin. A bisansa akwai shimfiɗa ta maiƙo wadda ke hana ruwa fita da guba shiga. A can waje kuma akwai wani shafe na furotin masu ɗauke da rassan sukari, wanda kaurinsa bai wuce nanomita 20 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wannan shafe ba a ɗinke yake da fatar ba, tsutsa na zubar da shi tana sabuntawa, kuma shi ne abu na farko da duk wata halitta ke taɓawa idan ta taɓa tsutsar.

Daga cikin masu taɓawar babu wanda ya kai fumfuna ban mamaki. Fumfuna a nan ba ta tsaya ga baƙi-baƙin da ke fitowa a kwanannen tuwo ko hatsin da ya sha laima ba. Suna ne na dukan dangin da ya haɗa da naman kaza da yis da abin da ke kawo makero a kan yara, halittu masu jiki na siraran zaruruwa da ke ratsa ƙasa da ruɓaɓɓen itace. Akwai ire-irensu fiye da ɗari da suka koyi farautar nematoda, saboda ƙasa kan yi ƙarancin naitirojin, sinadarin da ake sayen takin zamani dominsa, jikin tsutsa kuwa cike yake da shi. Bajamushe Wilhelm Zopf ne ya fara bayyana wannan farauta a 1888 a wata fumfuna mai suna Arthrobotrys oligospora, wadda zarenta ke lanƙwasawa ya haɗe da kansa, ya sake fitar da wani ya haɗe, har a samu raga mai ƙofofi da yawa, duk a shafe da danƙo. Wasu ire-iren zarge suke ɗanawa, irin na asutar da yara ke kama tsuntsu da ita: zobe ne na ƙwayoyin halitta uku, wanda da zarar tsutsa ta zura kai ta goga cikinsa sai ƙwayoyin su kumbura ninki uku cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, su shaƙe ta. Bayan kamu, zaren fumfunar kan huda fatar, ya bazu a cikin jikin, ya narkar da abin da ke ciki, bayan kwana ɗaya ko biyu sai fanko.

Tambayar da ta daɗe tana damun masu bincike ita ce yadda danƙon ke gane tsutsa. A 1979 Birgit Nordbring-Hertz ta Jami'ar Lund a Suwidin, tare da Bo Mattiasson, ta nuna cewa idan aka jiƙa ragar da wani nau'in sukari kafin a sako tsutsotsi, kamun yana raguwa, daga nan aka fahimci cewa a jikin tarkon akwai lektin, wato furotin mai kama sukari iri ɗaya tak kamar yadda kwaɗo ke karɓar mabuɗinsa, kuma sukarin da ke fatar tsutsa shi ne mabuɗin. Bayanin ya yi daɗin ji, ya kuma shiga littattafai. Amma a 2003 masu bincike a jami'ar ta Lund suka cire ƙwayar gadon lektin ɗin da aka fi zargi, fumfunar kuma ta ci gaba da kamunta kamar ba a taɓa ta ba. Wannan bai rushe cewa sinadaran fata ke tafiyar da mannewa ba, ya dai nuna cewa mabuɗin ba ɗaya ba ne. Abin a yaba ne cewa daga gidan da ra'ayin ya fito, daga nan gwajin da ya rage masa ƙarfi ya fito.

Wani ɓangaren amsar ya zo ta hanyar wari. Tun 1959 aka lura cewa fumfunar ba ta ɓata ƙarfinta wajen ɗana tarko sai ta ji alamar tsutsa a kusa, har ruwan da aka wanke tsutsotsi da shi ma yana sa ta fara saƙa raga. A 2013 Yen-Ping Hsueh da Paul Sternberg a Kalifoniya suka gano cewa daga cikin abin da take ji akwai askarosid, wasu ƙananan sinadarai na sukari haɗe da jelar maiƙo, waɗanda nematoda ke fitarwa don su sanar da juna cunkoso ko yunwa ko neman abokin barbara. Fumfunar tana yi musu laɓe ke nan, tana sauraren hirarsu. Bayan shekara huɗu Hsueh ta ƙara nuna cewa ita ma fumfunar tana fitar da ƙamshi mai kama da na abinci da na barbara, wanda ke janyo tsutsa ta kawo kanta.

Akwai kuma fumfunar da ba ta ɗana tarko sam. Drechmeria coniospora ƙurar iri take zubarwa, kowane ɗan iri da ɗigon danƙo a kansa, kuma a ƙarƙashin madubi akan ga yadda suke taruwa a bakin tsutsa da mafitar ƙwanta kamar ƙarangiya a gefen wando, alhali sauran jikin kusan fes, abin da ke nuna cewa fatar ba iri ɗaya ba ce daga kai zuwa wutsiya. Irin yakan tsiro, ya huda fata, cikin kwanaki kaɗan tsutsar ta mutu, dubban sababbin iri su fito daga gawarta. Jonathan Ewbank da Nathalie Pujol a Marsai ta Faransa sun shafe shekaru suna nazarin abin da ke faruwa tsakanin hudawa da mutuwa, suka gano cewa tsutsar ba ta miƙa wuya, domin ƙwayoyin da ke ƙarƙashin fatarta sukan ji raunin, su aika saƙo ta jerin furotin da mai kama da shi ke aiki a jikin ɗan Adam, su fara ƙera ƙananan furotin masu kashe ƙwayoyin cuta. Halittar da ba ta da jini irin namu, ba ta da fararen ƙwayoyin da ke yawo suna yaƙi, ashe fatarta ce rundunarta.

Idan haka ne, me ya hana tsutsa ta sauya shafen fatarta ta yadda babu abin da zai manne mata? Amsa mafi gamsarwa ta fito ne daga ɗakin gwajin Jonathan Hodgkin a Jami'ar Okasfod, kuma da kayan Afirka ta Yamma aka same ta. An samo wasu tsutsotsi marasa lafiya a ruɓaɓɓiyar ayaba a tsibiran Kef Bad, aka ware bakteriya iri biyu na dangin Leucobacter daga jikinsu, aka sa musu suna Verde1 da Verde2. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa Verde2 na kashe tsutsa mai fata irin ta kowa, amma ba ta iya komai da wadda aka sauya wa ƙwayar gadon da ke tsara sukarin fatarta. Sai dai ita wannan da ta tsira daga Verde2, da zarar ta haɗu da Verde1 sai ta mutu, alhali 'yar'uwarta mai fatar asali tana yawo da Verde1 a faranti lafiya lau. An gudu ba a tsira ba. Kowace riga da tsutsa za ta sa, tana kare ta daga wani maƙiyi ne ta kuma buɗe ta ga wani, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa masu neman maƙiyi na halitta don yaƙar tsutsa ke da abin dogaro. A 2025 masu bincike a Jami'ar Nottingham, ta amfani da na'urar da ke ɓare fata hawa-hawa tana auna sinadaran kowane hawa, sun nuna cewa maiƙo ne ya fi yawa a saman fatar, kuma irinsa na sauyawa daga jinsi zuwa jinsi, daga ƙuruciya zuwa balaga. Wannan na nufin abin da aka gano a fatar tsutsar faranti ba za a ɗauke shi kai-tsaye a ɗora wa tsutsar Dapaong ko ta cikin akuya ba, kowacce sai an auna tata.

A wajen ɗan Adam, dole a faɗi gaskiya, ba fumfuna ce ta kawo sauƙi a arewacin Togo ba. Ƙwayar albendazol ce, wadda gwajin da Juventus Ziem ya jagoranta a yankin Garu na Gana ya nuna cewa raba ta ga gari baki ɗaya sau da yawa na karya lagon Oesophagostomum, sannan shirin yaƙi da tundurmi da Togo ta fara a shekarar 2000 ya riƙa raba ta tare da ibamektin kowace shekara a gundumomin da cutar take, ciki har da na yankin Dapaong. Binciken gado ya kuma nuna cewa tsutsar da ke jikin mutane daban take da ta birai, don haka ba daga daji take komowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Togo kawar da kurkunu a 2011, da tundurmi a 2017, kuma ita ce ƙasa ta farko a Afirka kudu da Sahara da ta cimma na biyun. Magani da masai da ruwa mai tsafta su ne hanyar mutum, kuma babu wani binciken faranti da ya kamata ya ɗauke hankali daga kansu.

Inda fumfuna ke da abin yi shi ne garke. Duk mahaucin da ke wanke kayan ciki ya san hanjin tunkiya mai ƙulle-ƙulle kamar an cusa masa tsakuwa, wanda ba ya wankuwa kuma mai saye ke ƙi. Aikin Oesophagostomum columbianum ke nan, 'yar'uwar ta Dapaong. Wadda ta fi ta ɓarna ita ce Haemonchus contortus, mai tsotsar jini a ciki na huɗu na dabba, wadda ke sa idon akuya ya yi fari fat, haɓarta ta kumbura da ruwa, ta mutu a tsakiyar damina lokacin da ciyawa ta fi yawa. Maganin ɗura da ake sayarwa a kasuwa yana aiki, amma a ƙasashe da dama na duniya tsutsar ta riga ta saba da shi, kuma ba da rabin ƙwaya ko maganin jabu hanzarta sabon yake yi. Rayuwar waɗannan tsutsotsi iri ɗaya ce da wadda aka gani a farantin gawayi: ƙwai ya fito cikin kashi, ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta shiga kubenta ta hau ciyawa tana jiran baki. A shekarun 1990 masana a Kofanhegan ta Denmak, cikinsu har da Peter Nansen da Michael Larsen, suka nemi fumfunar da za ta tare wannan hanya, suka samu Duddingtonia flagrans, wadda irinta ke da ɓawo mai kaurin da zai ratsa cikin dabba ya fito da ransa. Idan aka zuba irin a abincin dabba, tare yake fita da ƙwan tsutsar, ya tsiro a cikin kashin, ya saƙa raga, ya kame 'ya'yan kafin su kai ga ciyawa. Sun gwada shi a maruƙa da tumaki da dawakai, sun kuma gwada shi a kan wata Oesophagostomum ta aladu, kuma tun 2018 ake sayar da shi a Ostireliya da sunan BioWorma.

Dabarar na da iyakoki da ya wajaba makiyayi ya sani. Fumfunar ba ta taɓa tsutsar da ta riga ta zauna a cikin dabba, wurin kiwo kawai take tsabtacewa. Sai an ba da ita kullum muddin damina na tafiya. Kuma albendazol da danginsa suna da ƙarfin danne fumfuna, saboda haka haɗa su lokaci ɗaya na iya rage amfaninta. Garken da ke tafiya mai nisa a bayan makiyayi, yana kiwo inda garken wasu ya kwana jiya, ba zai amfana sosai ba. Amma akwai irin kiwon da kamar dominsa aka yi ta, wato awakin da ake ɗaurewa a turke da damina don kada su shiga gona, suna ci suna kashi a fili guda, da ragunan da ake turkewa don Layya a zangunan Sokode da Dapaong, waɗanda dama kullum ana dama musu dusa. Wanda ke jiƙa dusa safe da yamma ba zai ji nauyin ƙara cokali ɗaya na iri a ciki ba.

A gona al'amarin ya fi sarƙaƙiya, domin a can fumfuna na iya zama abokiyar tsutsa. Manomin doya a ƙasar Camba da Kambole ya san doyar da fatarta ke tsattsagewa a rumbu, idan aka kankare sai a ga ƙarƙashinta ya yi ruwan ƙasa ya bushe kamar tsohon itace. Scutellonema bradys ce ke cin naman da ke dab da ɓawo, raunukan da ta bari kuma su ne ƙofar da fumfuna mai ruɓarwa ke bi ta ƙarasa sauran. Da irin shuka take yawo daga gona zuwa gona, kuma jiƙa irin a ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 53 na kimanin minti 20 kafin a binne shi na rage ta ƙwarai. Ita kuwa Meloidogyne, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulle-ƙulle, tana da maƙiya a cikin ƙasa, fumfuna masu huda ƙwanta da bakteriyar Pasteuria penetrans mai manne wa fatarta, kuma an daɗe da sanin cewa irin Pasteuria da ke manne wa tsutsar wata gona na iya kasa manne wa ta wata gonar, ko da jinsinsu ɗaya. Maganar shafen fata ce ta sake dawowa, wannan karon a lambun mai tumatir.

Daga nan ake gane cewa irin fumfunar da aka zaɓo a sanyin Denmak, aka gwada a kan tsutsotsin Turai, ba shi da tabbacin yin aiki a kashin akuyar da ranar Afrilu ke gasawa a Dapaong ko ruwan Agusta ke wankewa a Kambole, sai an gwada shi a wurin, ko an nemo na gida. Neman kuwa ba ya bukatar na'urar Nottingham. Akan barbaɗa ƙasar turke ko tsohon taki kaɗan a farantin gwaji, a zuba 'ya'yan tsutsa a matsayin koto, a riƙa dubawa da madubi na mako biyu ko uku har a ga raga ko zobe da tsutsa a maƙale, sa'annan a ɗauke irin da bakin allura a raine shi shi kaɗai. Yankin ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki, domin a Sokode akwai ɗakin gwaje-gwajen da ya shafe shekaru yana bincike a kan tsutsar da ke makantar da mazauna bakin kogi, tare da masana Jami'ar Tübingen ta Jamus, ga Jami'ar Kara da ta buɗe a 2004, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa. Ya kamata waɗannan cibiyoyi su sa ɗalibansu tattara ƙasa daga turakun zango da burtali da gonakin doya, su ware fumfunar da ke ciki, su gwada ta a kan tsutsotsin da aka ciro daga hanjin dabbobin mayankar garin, kuma su nemi mahauta da masu kiwo su shigo cikin aikin tun daga ranar farko.